Joe Bussard da Fayafayan Garmahonsa

 

Maganarmu ta yau a kan masu son kiɗa ce da masu tara fayafayai. Na ga ya fi kyau in ɗauki mutum ɗaya in bi rayuwarsa tun daga ƙuruciya har rasuwa, don abin da wannan sha'awa ke yi wa mutum, da abin da mutum ke iya yi da ita, sun fi fitowa fili a jikin mutum guda. Wanda na zaɓa Ba'amurke ne, sunansa Joe Bussard. Bai gama sakandare ba, bai taɓa riƙe wani muƙami ba, kuma a garin da aka haife shi ya yi zamansa har ya mutu. Amma da ya rasu ranar 26 ga Satumba 2022, yana da shekara 86, manyan jaridun Amurka sun ba da labarinsa, saboda abin da ke jere a ɗakin ƙarƙashin gidansa: tsofaffin fayafayan garmaho kimanin 15,000, wasu ma suna cewa sun kai 25,000, mafi darajarsu na shekarun 1920 da farkon 1930. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne, kamfanonin da suka ci ribar waƙoƙin talakawan Amurka ba su ne suka adana su ba. Mutane irin Bussard ne suka bi gida-gida suka tsinto su, kuma tsintar tasa ta yi amfani ne domin bai kulle ƙofa a kansu ba.

Yaran da ke nan da yawa ba su taɓa riƙe irin wannan faifai ba, don haka bari in bayyana shi. Baƙi ne, mai nauyi, faɗinsa yawanci inci 10, yana juyawa sau 78 a minti ɗaya. Ana yin sa da wani irin ƙaro da ake kira shalak, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a gauraya shi da garin dutse. Kowace fuska tana ɗaukar waƙa ta kusan minti uku, shi ke nan. In ya suɓuce daga hannu ya faɗi, ya fashe. Garmahon da ake sa shi a kai da hannu ake yi masa wani, ba ruwansa da lantarki, allurarsa kuma ta ƙarfe ce, wadda ya kamata a canja bayan kowace waƙa. Talaka ba ya canjawa, sai allura ta dakushe ta riƙa cin layukan faifan har fuskarsa ta yi fari-fari, muryar mawaƙi ta nutse cikin ƙara. Ke nan waƙar da aka fi so ita ce faifanta ya fi lalacewa, wadda aka ƙi kuwa ta fi samun tsira. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi.

Kafin 1920 kamfanonin faifai na Amurka ba su ɗauki baƙar fata da manoman karkara a matsayin masu saye ba. A shekarar ne kamfanin Okeh ya fitar da faifan wata mawaƙiya baƙar fata, Mamie Smith, ya yi kasuwar da ta ba kowa mamaki. Daga nan idon 'yan kasuwa ya buɗe. Suka fara ɗaukar na'urori suna sauka garuruwan kudu, su kama ɗaki, su sa shela cewa duk mai goge ko jita ko banjo ya zo a gwada shi. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin Victor, Ralph Peer, ya yi irin wannan zama a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Bajiniya, inda ya ɗauki muryar Jimmie Rodgers da ta iyalin Carter a karon farko. Cikin shekara goma sha ɗaya ko sha biyu daga 1920 aka ɗauki muryoyin makafi masu waƙar bakin titi, masu wa'azin coci, 'yan ƙwadagon gonakin auduga, masu haƙar gawayi, da makaɗan jaz na manyan birane. Ba wanda ya yi wannan don tarihi. Neman kuɗi ne zalla. Kamfanin Paramount, wanda ya ɗauki muryoyin mawaƙa irin su Charley Patton da Son House da Skip James, asalinsa na masu yin kujeru ne a jihar Wisconsin, suna ƙera akwatin garmaho, suka shiga yin faifai don su sami abin sayar da akwatin.

Sai tattalin arziki ya karye a 1929. Cinikin faifai, wanda ya haura miliyan 100 a shekara a 1927, ya faɗo zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Paramount ya daina ɗaukar waƙa a shekarar. Uwayen fayafayansa na ƙarfe, waɗanda daga jikinsu ake buga kowane kwafi, mafi yawansu an sayar wa masu narkar da ƙarfe. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, shalak ya yi ƙaranci, aka riƙa tattara tsofaffin fayafayai ana niƙewa don yin sababbi. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, RCA Victor ya biyo da nasa ƙaramin a 1949. Mutane suka tura tsohon garmaho cikin rumbu ko bayan ɗaki. Waƙar da uwar faifanta ta narke, rayuwarta ta koma kan 'yan kwafin da suka rage a gidajen mutane, ƙarƙashin gado ko cikin kwali.

A cikin wannan hali Bussard ya taso. An haife shi ranar 11 ga Yuli 1936 a garin Frederick na jihar Maryland, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga birnin Washinton. Gidansu masu rufin asiri ne, suna sayar da kayan noma. Yana yaro yana son waƙoƙin Gene Autry, mawaƙin finafinan kaboyi. Wajen shekara goma ko sha ɗaya ya ji muryar Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda tarin tibi ya kashe a 1933, shekara uku kafin a haifi shi Bussard ɗin. Muryar ta shige shi. Ya nemi faifan a kanti babu, sai ya fara ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen gari yana tambaya ko suna da tsofaffin fayafayai. Yawancin mutane ba su ɗauke su a bakin komai ba, wasu kyauta suke ba shi don su rabu da tarkace. Yana matashi ya harhaɗa 'yar tashar rediyo a ɗakin ƙarƙashin gidan iyayensa, ba lasin, yana sa wa maƙwabta abin da ya samo. Tun daga nan ana iya ganin halinsa: abin da ya ji ya yi masa daɗi, ba ya samun natsuwa sai wani ma ya ji.

Da ya sami lasin tuƙi yana shekara 16, sai nisan tafiyarsa ya ƙaru. Ya bar makaranta, ya ɗan taɓa ayyuka nan da can, amma dukiyar gidansu ta ɗauke masa nauyin neman abinci, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba: da ɗan talaka ne, da bai sami wannan sarari ba. Shekarun 1950 da 1960 a kan hanya ya cinye su, yana ratsa ƙauyukan duwatsun Bajiniya da Bajiniya ta Yamma da jihohin da ke maƙwabtaka, garuruwan masu haƙar gawayi, hanyoyin da ba kwalta. Ya koyi karanta gida daga waje. Tsohon gida, tsofaffin mutane, alamar ba a taɓa ƙaura daga ciki ba, nan ake tsayawa. Ya shiga gidajen farare, ya shiga na baƙaƙe, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a waɗannan wurare. Mai surutu ne, mai saurin sabo, kuma ya san waƙoƙin da tsofaffin suka tashi da su, don haka hira ba ta yi masa wuya.

Labarin da aka fi sani game da shi ya faru a 1966, kusa da garin Tazewell a Bajiniya. Yana neman hanyar wata kasuwar gwanjo, sai ya rage wa wani dattijo hanya. Cikin hira dattijon ya ce ai yana da irin waɗannan fayafayai a gida. Suka je, aka jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe shi. A ciki akwai fayafayai 15 na wani kamfani mai suna Black Patti. Wannan kamfani wani baƙar fata ne ya kafa shi a Shikago a 1927, J. Mayo Williams, kuma bai shekara ba ya rufe, bayan ya fitar da fayafayai 55 kacal, kowanne an buga kaɗan. Masu tara faifai kan yi shekaru ba su ga ko ɗaya ba. Waɗannan kuwa kusan sababbi ne, domin mutanen gidan ba su so waƙoƙin ba, suka tura su ƙarƙashin gado. Ƙin da aka yi musu ne ya tsare su daga allura. Cikinsu har da "Original Stack O' Lee Blues" na Long Cleve Reed da Little Harvey Hull, wanda ba a san wani kwafinsa a duniya ba sai wannan. Dala 10 Bussard ya biya. Daga baya an taya wannan faifai ɗaya da dubban daloli masu yawa, ya ce albarka.

A nan dole mu tsaya, don labarin yana da fuska biyu. Da bai ɗauki dattijon a mota ba, da wata rana an share ɗakin an zubar da kwalin, muryar mutum biyu ta ɓace har abada. Wannan gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa Bussard ya san darajar abin da ke hannunsa, mai kayan bai sani ba, kuma dala 10 ya bayar. Mawaƙan da ke cikin irin waɗannan fayafayai, yawancinsu kuɗi kaɗan aka ba su ranar ɗauka, suka mutu cikin talauci, wasu ko kabarinsu ba a sa wa alama ba. Ni a ganina wannan tabo ne a kan sana'ar tara faifai gaba ɗayanta, kuma son da nake yi wa aikin mutumin bai isa ya goge shi ba. Abin da ya sassauta hukuncina a kansa shi ne, bai mai da faifan kuɗi ba. Ya riƙe shi fiye da shekara hamsin yana sa wa duk wanda ya zo, ya kuma bari aka kwafe shi aka fitar wa duniya.

Bai tsaya ga tarawa ba. Daga 1956 zuwa wajen 1970 ya gudanar da ɗan kamfaninsa mai suna Fonotone, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe a Amurka da ya ci gaba da fitar da faifai mai juyi 78 bayan kowa ya bari. Kamfanin ba komai ba ne illa shi kansa da injin yankan faifai a ɗakin ƙasa. In ka aiko da oda, sai ya yanka maka naka, ɗaya bayan ɗaya, ya buga sunan waƙa ya manna. Ya ɗauki makaɗan karkara da ya gamu da su, ya ɗauki abokansa, shi ma yana kaɗa jita da banjo. A wurinsa ne John Fahey, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun makaɗan jita na Amurka, ya fara ɗaukar kiɗansa a ƙarshen shekarun 1950, da sunan aro na Blind Thomas. A 2005 kamfanin Dust-to-Digital na Atlanta ya tattara aikin Fonotone ya fitar a kan faifan sidi guda biyar.

Waɗanda suka ziyarci ɗakin nan duk abu ɗaya suke faɗa. Bango guda cike da kantoci, fayafayai a tsaye cikin rigunan takarda iri ɗaya, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Tsarin jerin yana cikin kansa. Ka ambaci mawaƙi, ya miƙa hannu ya zaro. Kuma ba ya barin baƙo ya zauna shiru yana kallon kaya. Zai ɗora faifai, ya zaɓi allurar da ta dace da faɗin layinsa, ya ƙure murya, da tabarsa a baki, yana buga ƙafa, yana kwaikwayon mai busa ko mai goge, yana nuna maka inda za ka kasa kunne. Kafin waƙa ta ƙare ya riga ya zaro ta gaba. Wani ɗan Ostareliya, Edward Gillan, ya yi fim a kansa a 2003 mai suna Desperate Man Blues, kuma duk wanda ya kalla zai ga dattijo mai shekara sittin da wani abu yana rawa a kan waƙar da ya ji sau ba adadi. Wanda ba zai iya zuwa ba, sai ya rubuto wasiƙa, Bussard ya kwafa masa a kaset kan kuɗi kaɗan. Ya yi shekaru yana shirin rediyo na mako-mako, ana sa shi a tashoshi irin su WPAQ a Karolina ta Arewa da WREK a Atlanta. Kamfanonin da ke sake fitar da tsofaffin waƙoƙi sun sha zuwa ɗakinsa su kwafa, domin sau da yawa nasa kwafin ne ya fi kowanne tsabta. Mutane da yawa a yau suna sauraron buluz na 1928 a waya ba su san daga kantar Bussard sautin ya fito ba.

Mutum ne mai taurin ra'ayi, kuma wannan ma ɓangare ne na labarin. A wurinsa jaz ya mutu tun wajen 1933, kiɗan karkara ya ƙare a tsakiyar shekarun 1950, kiɗan rok kuwa cuta ce da ta kama waƙa. Ban yarda da shi ba. An yi kiɗa mai kyau bayan waɗannan shekaru, ana kuma kan yi. Amma na fahimci inda ƙiyayyar ta samo tushe. A tsofaffin fayafayan nan, mutane ne suka tsaya gaban makirufo ɗaya suka yi waƙa daga farko har ƙarshe, ba gyara, ba ɗinki. Kuma kowane yanki da irin kiɗansa, har mai kunne yana iya gane daga wace jiha mai goge ya fito. Da rediyo da manyan kamfanoni suka game ƙasa, kowa ya koma kwaikwayon abin da ke kasuwa, bambancin ya dushe. Wannan rashi yake yi wa kuka, ko da yake ya zarce da kukan har ya toshe kunnensa ga duk abin da ya zo daga baya. Sai dai kuma a cikin zamanin da ya zaɓa, kunnensa bai san launin fata ba. Makahon mawaƙi baƙar fata daga Texas da farin mai goge daga Jojiya, ma'auni ɗaya yake auna su da shi.

Akwai abin da ya haɗa mu da wannan ɗaki kai tsaye. Banjo da ke amo a ɗaruruwan fayafayansa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera shi, da ƙwarya da fata da tsirkiya, bisa ƙirar kayan kiɗan da suka baro a gida. Dangin gurmi ne da garaya da molo. Wanda ya saba da kuntigin Ɗan Maraya Jos, in ya ji tsohon banjo na shekarun 1920, kunnensa ba zai ji shi baƙo ƙwarai ba.

Sannan tambayar da rayuwarsa ta tayar tana gabanmu mu ma. Narambaɗa ya tafi, Ɗankwairo ya tafi, Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗannan manya ne, sunansu ya tsare wani abu daga cikin aikinsu. Amma ku saurari abin da ke yawo a wayoyinmu: da yawa kwafin kwafi ne daga kaset, an yanke farko, an yanke ƙarshe, ba shekara, ba wurin da aka yi, ba sunan 'yan amshi ko makaɗa, wani lokaci ma an liƙa wa waƙa sunan wanda ba shi ya yi ta ba. To ina ga makaɗan noma, da na maharba, da na mahauta, da zabiyoyin ƙauye waɗanda wani ya taɓa ɗauka sau ɗaya a wurin biki? In muryarsu tana nan, tana cikin akwatin wani tsohon mai sayar da kaset ko cikin adakar wata tsohuwa. Zafi da ƙura da damina suna cin kaset fiye da yadda suke cin shalak.

Bussard kansa bai so a kai fayafayansa wata jami'a ko ɗakin karatu bayan ransa ba, don yana ganin can za a kulle su ba mai ji. A nan ma ina da ja. Tarin da tsarinsa ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya kwanta dama, rabin iliminsa ya bi shi. Wanda ya san a wane gida aka samo faifai kaza, wace allura ke fitar da muryarsa, wane ne mai jitar da ba a rubuta sunansa ba, in bai rubuta ba, ya tafi da shi. Tsoronsa na kulle ƙofa daidai ne, amma maganinsa shi ne ma'ajiyar da ke buɗe wa jama'a, ba rashin ma'ajiya ba. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa, a gidansa na Frederick, kuma har cikin shekararsa ta ƙarshe yana karɓar baƙi a ɗakin.

Saboda na san akwai waɗanda za su koma gida su tuna da wani kwali, bari in faɗi abin da masu wannan aiki suka tabbatar. Faifan shalak ba a goge shi da sifirit ko wani abu mai barasa, don yana narkar da shi. Ruwa kaɗan da ƙyalle mai laushi sun isa, a kuma kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. A tsaye ake jera shi, nesa da rana, kada a jibga wani kan wani. Kada a ɗora shi kan tsohon garmaho mai allurar ƙarfe don gwaji, domin kowane juyi yana rage shi. Kaset kuwa a nemi na'ura mai lafiya a kwafe shi zuwa kwamfuta gaba ɗayansa, ba tare da yanke gaisuwa ko surutun farko ba, don sau da yawa a nan mawaƙi ke faɗin gari da wanda ya tara taron. A ɗauki hoton kwalinsa da duk rubutun da ke jiki. In mai kayan yana raye, a zauna da shi a tambaye shi inda ya samo da shekarar da ya samo, a rubuta, a kuma gaya masa gaskiyar darajar abin da ke hannunsa kafin a yi maganar saye.